Ba Tafiya Inna Ta Yi Ba

Ɗana na fari ba a hannuna ya tashi ba. Ranar da aka yaye shi surukata ta zo daga Bunkure ta goya abinta ta tafi, ko bakin ƙofa ban raka su ba, ai haka muka tarar ana yi. Ɗan fari na kaka ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kawar da kai wata ta ɗaga shi. Ni kuwa a garinmu an san ni da baki, an kuma san ni da kunya, kuma duka biyun ina taƙama da su. Kakarsa yake ce wa Inna. Ni Yaya yake ce mini, in an kawo shi yawon salla ya gaishe ni daga bayan zanenta.

A shekarun nan da ake bin layi kafin a sayi sabulu da madara, muna zaune a kwatas ɗin ma'aikatan ruwa kusa da Kadawa. Maigidana aikinsa buɗe ƙofar kanal da rufe ta, ya saki ruwa ga masu noman rani gwargwadon rabon kowa. Yana fita da keke bayan asuba, sai magariba nake ganinsa, ya dawo da laka har gwiwa da faɗan manoma a kunnensa, ba shi da sauran magana. Gidajen 'yan kaɗan ne, an dasa su a tsakiyar gonakin alkama da tumatir, ba dangi, ba tsohuwar da za ka shiga ɗakinta ka ɗebi hira. Bayan yaron na yi ɓari har sau biyu, don haka gidan shiru yake. In na gama wanke-wanke sai in zauna ina jin ƙarar ruwa da kukan kwaɗi. Wani lokaci nakan yi wa kaji faɗa don kawai in ji muryata.

Surukata ta kwanta ciwo a tsakiyar kakar tumatir. Ba a sami mota ba sai wata akori-kura da ta yi lodin kwanduna za ta Kano, aka shimfiɗa mata tabarma a baya. An ce yaron yana tsaye a bakin zaure yana kallo, ta ɗaga masa hannu ta ce yanzu za ta dawo, za ta sayo masa alewa. A asibiti ta cika, a can gidan ƙaninta na cikin birni aka yi mata sutura. Kwanakin zaman makoki aka kai shi maƙwabta don kada ya ga ana kuka. Duk wanda ya tambaya sai a shafa kansa a ce Inna ta yi tafiya. Ba don mugunta ba ne, haka ake gaya wa yara, ni ma haka aka gaya mini lokacin da kakata ta rasu, kuma ban mutu ba.

Bayan sadakar arba'in ubansa ya kawo mini shi a bayan keke, da kayansa ƙulle a ɗankwalin marigayiya. Bai fi shekara biyar ba. Na ce masa sannu da zuwa, ya ce yawwa Yaya, muka tsaya muna kallon juna kamar baƙi biyu a tasha.

Tun kwana na farko ya sami wurin zama, wani dutse a bakin ƙofar gida inda ake hango hanyar da ta fita titi. Nan yake wuni. In mota ta taso sai ya miƙe, in ta wuce ya koma ya zauna, yana tauna wuyan rigarsa. Duk rigunansa sai da ya cinye musu wuya. Da safe cikinsa ciwo, in na zuba masa koko ya kurɓa sau biyu ya ture. Ya koma yin fitsarin kwance, alhali an ce a Bunkure ya daɗe da dainawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bina da yake yi. Ba ya zuwa jikina, ba ya yi mini magana, amma in na shiga bayi sai in fito in tarar da shi tsaye a ƙofa. In na yafa gyale zan leƙa maƙwabciya aron rariya, sai jikinsa ya ɗauki rawa, ya riƙe ƙyauren da hannu biyu, numfashinsa yana fita sama-sama. Ba ya kuka da ƙarfi irin na yara. Da ma yana yi, da na san abin da zan yi da shi.

Matan kwatas kowa da fatawarta. Wannan ta ce goyon kaka ne, sangarta ce, in samo tsumagiya. Waccan ta ce gamo ya yi a bakin kanal, ai ruwan nan da aka jawo daga madatsar Tiga ya ratso kufai da tsofaffin tsamiyoyi, ba shi kaɗai ya zo ba. Aka karɓo rubutu ya sha, aka yi masa hayaƙi har idonsa ya yi ja, aka ba shi maganin tsutsar ciki, aka ɗaura masa laya. Tsumagiyar ma na gwada sau ɗaya. Bai gudu ba, bai kare kansa ba, ya dai riƙe bakin zanena yana kallon ƙofa. Na yar da ita na shiga ɗaki, abin duniya ya ishe ni. Ga mutum an kawo mini cikin gida, amma kaɗaicin ya ninka na da.

A haka na sami wani cikin. Saboda ɓarin da na yi a baya, maigida ya ce lallai in riƙa zuwa awo asibitin Kura. Barin yaron a gida ba zai yiwu ba, sai na riƙa tafiya da shi, yana gefena amma ban riƙe hannunsa ba, don mata suna kallo.

Malamar da ke yin awon Sista kowa yake ce mata. Doguwa ce, mai furfura a gaban goshi, 'yar gidan Maguzawan can bayan Bunkure da suka karɓi addinin Kirista, Hausarta ta fi tawa tsabta. Ranar zuwana na biyu, da aka kira ni cikin ɗakin awo aka saki labule, sai muka ji wani abu ya bugi ƙofa. Yaron ne, ya zube yana haki, leɓensa ya yi fari. Na fito na ce ta yi haƙuri, haka yake, iska ce ke taɓa shi. Ta tsuguna daidai tsayinsa, ta ce ya nuna mata inda yake masa ciwo. Ya nuna ciki. Ta tambaye shi me ke ciki, ya ce kwaɗo. Ba ta yi dariya ba. Ta ce to, su hura wa kwaɗon iska a hankali kamar ana hura kunu mai zafi, ya kwanta. Suka yi ta hurawa tare, ita da shi, har kafaɗunsa suka sauko.

Da aka sallami mata ta tsayar da ni, ta yi ta tambaya: yaushe ya fara, wa ya raine shi, me aka ce masa game da kakarsa, yaya barcinsa. Daga nan ta ce ta taɓa aiki a sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa a birni, ta ga yara irinsa. Ai kuwa ban bari ta rufe baki ba. Na ce yaron nan ba mahaukaci ba ne, a danginmu babu, a dangin ubansa babu, in awo na zo a auna ni in tafi. Ta bari na zazzage tas, sannan ta ce ita ma ba ta ce mahaukaci ba ne. Ciwon fargaba ne, yana kama yara kamar yadda yake kama manya, sai dai yaro ba shi da bakin faɗa, shi ya sa nasa yake fitowa ta ciki da fitsari da cin riga. Ta ce ba allura, ba ƙwaya. In riƙa kawo shi duk ranar awo, in zo da laka daga bakin kanal.

Laka! Duk hanyar gida ina mita, wai ni za a mai da 'yar iska, in bar malamai da rubutunsu in ɗauko taɓo a kwano. Amma ranar awo na ɗebo, don duk abin da zan gwada ya ƙare.

Bayan asibitin akwai darbejiya. Nan take shimfiɗa tabarma in ta gama da mata, ta cire takalminta ta zauna da farin kayanta, su yi ta mulmula laka. Ni ina can kan benci inda zai iya ganina. Da fari shanu yake yi, irin na kowane yaro, ita kuma ba ta koya masa komai, sai dai ta ce wannan sa ya ƙoshi, ko ta tambayi ina za su sha ruwa. Na ce a raina, wannan ai wasa ne, albashin banza. A zuwa na uku ko na huɗu ya gina mota, da kwanduna a baya. Ya mulmula wata 'yar tsohuwa ya kwantar a ciki, ya tura motar bayan gindin bishiya inda ba a ganinta, ya dawo ya zauna ya kama wuyan riga. Sista ta tambaye shi ina ta tafi, ya ce Kano. Ta ce yaushe za ta dawo. Ya ce ta ce yanzu.

Haka ya riƙa yi duk mako, mota ɗaya, tsohuwa ɗaya. Sai wata rana na hango ya ƙara mutum na biyu a bayan motar, ya manna masa dunƙulen laka a gaba.

"Wannan kuma wace ce?"

"Yaya ce. Da cikinta."

Ashe yana jin matan kwatas suna cewa wannan karon a Kano zan haihu, kada a sake yin asara. Ni ban taɓa zaton yana saurare ba, ganin kullum idonsa na kan hanya. Na juya ina gyara ɗaurin ɗankwalin da bai kwance ba.

A ranar ne Sista ta gaya mini abin da ban so ji ba. Ta ce yaron jira yake yi, kuma ba zai daina ba sai an gaya masa babu wadda yake jira. A ganinsa duk wanda ya fita ƙofa yana iya ɓacewa, tunda wadda ta fi kowa gaskiya a wurinsa ta ce yanzu, ga shi har yau. Dole a faɗa masa Inna ta rasu, kuma ni zan faɗa, ina riƙe da shi, ina kiran sunansa. Na ce ke Sista, ko dai zaman birni ya mantar da ke? Ɗan fari ne fa. Ta ce ta sani sarai, ita ma ɗiyar fari ce, uwarta har ta koma ga Allah ba ta kira sunanta ba.

"Amma ni kakata tana nan har na yi aure," in ji ta. "Shi wa ya rage masa? Kunyar nan an yi ta ne don akwai mai ɗauka in kin ajiye. Yanzu kin ajiye, babu mai ɗauka."

Na tashi na yafa gyalena. Haushi ya hana ni yi mata sallama.

Maigida da na gaya masa cewa ya yi yaro ne, me ya sani da mutuwa, a bar shi zai manta. Na ce wata nawa ke nan bai manta ba? Kai kana can kana juya ƙarfe, ni nake wanke tabarmar fitsari, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uwarsa ce, shi ma bai gama kukansa ba. Daga ƙarshe ya ce in yi yadda na gani.

Da hantsi na yi, bayan gida ya watse. Na ɗauko faifan wake na zauna kusa da dutsensa ina tsincewa, don hannuna ya sami abin yi. Na ce kai, zo nan. Ya matso kaɗan. Na ce Inna ba tafiya ta yi ba, ciwo ya yi mata yawa, ta rasu, Allah ya karɓi abarsa, an binne ta a Kano, ba za ta dawo ba. Ya tambaya ko gobe ma. Na ce ko gobe, ko jibi. Ya ce to alewar fa? Nan wake ya gagare ni. Na ture faifan na jawo shi, karo na farko tun yana shan nono, na ji ashe duk ƙashi ne. Sai a lokacin ya yi kuka irin na yara, da ƙarfi, baki buɗe, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ga abin da ta gani ta koma. Sunan dai ban iya kira ba. Ya zo har bakina ya tsaya.

Ba a rana ɗaya ya warke ba, kada in yi ƙarya. Makon da ya biyo baya ma abin ƙaruwa ya yi, har na je na sauke wa Sista kwandon masifa, ta ce haka miki yake yi in an wanke shi. Ranar wata Juma'a ubansa ya ɗauke shi zuwa Kano ya nuna masa kabarin, suka yi addu'a, ya sayo masa alewa a hanya. Ni kuma Sista ta ɗora mini aikin fita. Kada in sake sulalewa in ya juya baya, kamar yadda na saba. In gaya masa inda za ni da lokacin da zan dawo, da abin da idonsa zai iya gani, kuma kada in kuskura in ce yanzu. Sai in ce za ni gidan maƙwabciya, kafin inuwar katanga ta taɓa turmi na dawo. Ya tsaya yana hura wa kwaɗonsa iska yana kallon inuwa, ni kuma ina can ina leƙen rana kamar mai azumi, hira ba ta shiga kunnena. Daga turmi muka kai randa, daga randa muka kai azahar. Wata rana na je barkar haihuwa Garun Malam na ce sai la'asar, motar ta ɓaci a hanya, na sauka na taka da tsohon cikina don kada la'asar ta riga ni.

A hankali ya fara shanye kokonsa. Tabarma ta riƙa kwana a bushe, ba kullum ba. A ƙarƙashin darbejiya motar laka ta fara zagaya bishiya ta dawo. Kuma ni, abin da ban gaya wa kowa ba, na saba da samun mutum a bakin ƙofa. Duk inda na je na san akwai idon da ke kan hanya saboda ni. Tun da aka kawo ni kwatas ɗin nan ban taɓa samun haka ba, kuma daɗinsa nake ji.

Da watan haihuwa ya kama, Sista ta ce in tafi Kano in zauna kusa da babban asibiti. Motar da aka samu, kamar da gangan, akori-kura ce da lodin tumatir. Matan kwatas suka fito rakiya, maƙwabciyar da za ta riƙe shi tana tsaye a bayansa. Yana ganin kwandunan ya kama wuyan riga, jikinsa ya fara rawar nan. Na riga na sa ƙafa ɗaya a mota. Na sauko. A gaban matan nan duka, da direba, da uban yaron, na kira sunansa. Wata ta ce la'ilaha, wata ta rufe baki da gyale, na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na sake kira. Ya zo. Na tsuguna da ƙyar na ce masa wannan tafiyar mai tsawo ce, ban san ranar dawowa ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma babansa zai riƙa kawo masa labarina duk Juma'a, kuma in Allah ya yarda kafin a yanke alkamar bayan gida ina nan. Ya dubi alkamar, ta fara ja. Muka hura kunu tare, ni da shi, a gaban kowa.

Na haihu lafiya, mace. Kwanakin da na yi a birni kullum tunanina yana kan dutsen nan, ina ganinsa zaune yana miƙewa duk motar da ta taso. Da ubansa ya ce yana cin abinci, cewa na yi yana faɗa ne don hankalina ya kwanta.

Ranar da muka dawo ba a fara yankan alkama ba. Tun daga kwanar titi na miƙa wuya ina neman dutsen. Na hango dutsen ba kowa a kai, akuya ce kwance a gefensa. Na ce wa direba ya tsaya. Sai maigida ya nuna mini can gefen ƙaramin kanal, inda yaran kwatas suka taru suna gina shanu. Yana cikinsu, laka har goshi, yana gardama da wani a kan ƙaho.

Na sauka da jaririya a hannu na tsaya a bakin hanya. Ya ɗago ya gan ni.

"Yaya, sannu da zuwa. Bari in gama wannan."

Ya sunkuya ya ci gaba da ƙahonsa. Abin da muka yi wata da watanni muna nema ke nan, ni da Sista, na sani, kuma na gode wa Allah. Amma na shiga gida na zauna a kan dutsen nan da jaririyata, na yi kukan da ban yi a ɗakin haihuwa ba. Ina nan zaune ina kallon hanya har ya gama sansa ya taho.